Barazanar da Ba Ta Aiwatuwa: Yadda Amurka Ta Yi Ta Juya Manufarta ta Nukiliya a Yaƙin Cacar Baka

Tsakanin 1945 da 1991 mutum tara ne suka hau kujerar shugabancin Amurka, daga Harry Truman zuwa George Bush babba. Tun daga kan Eisenhower, da wuya a sami wanda aka buɗe masa tsarin yaƙin nukiliyar ƙasar ya fito hankalinsa kwance. Sai ya ce a gyara, a raɗa wa gyaran sabon suna, sakataren tsaro ya fito ya yi jawabi, jaridu su ce manufa ta sauya. Bayan 'yan shekaru wani ya zo ya tarar abin da ya firgita wanda ya gabace shi yana nan daram. Wannan tufka da warwara tambaya guda ce ta haife ta, kuma har Tarayyar Sobiyet ta wargaje ba a amsa ta ba: ta yaya za ka sa abokin gaba ya yarda za ka aikata abin da ku duka kun san in ka aikata shi kai ma ka halaka?

A farko tambayar ba ta taso ba, domin Amurka kaɗai ke da bam ɗin. Ta jefa shi a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, ta ƙara a Nagasaki bayan kwana uku, washegari kuma Truman ya ba da umarni kada a sake jefa wani sai da izininsa. Dokar 1946 ta ɗora ajiyar makaman a hannun hukumar farar hula, sojoji ba su da mabuɗi. Makaman ma ba su taka kara sun karya ba, a 1947 ba su kai ashirin ba. Wannan zamani bai yi tsawon rai ba. A Agustan 1949 Sobiyet ta gwada nata a Kazakistan, shekara mai zuwa yaƙin Koriya ya ɓarke, aka shafe shekara uku ana gwabzawa ba a taɓa bam ɗin ba. Truman ma korar Janar MacArthur, kwamandan yaƙin, ya yi a 1951 saboda ya nace sai an faɗaɗa yaƙin zuwa cikin ƙasar Sin.

Dwight Eisenhower ne ya mayar da nukiliya ginshiƙin tsaron Amurka, kuma abin da ya kai shi ga haka kuɗi ne. Tsohon janar ne da ya san abin da rundunar ƙasa ke ci, yana kuma tsoron kada kasafin soja ya karya tattalin arziki. A Turai kuwa Sobiyet ta fi ƙungiyar NATO yawan dakaru da tankoki. Ƙasashen ƙungiyar sun yi alkawari a Lisbon a 1952 za su tara runduna mai yawan gaske, suka kasa, domin ba su gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Bam ya fi soja arha. Saboda haka a Janairun 1954 sakataren harkokin waje John Foster Dulles ya tsaya a New York ya bayyana cewa Amurka ba za ta riƙa bin kwaminisanci lungu-lungu tana tare shi da sojojinta ba; duk inda aka tsokane ta, za ta yi ramuwar gayya mai girma nan take, da makamin da ta zaɓa, a wurin da ta zaɓa. Da Eisenhower ya hau mulki makaman nukiliyar Amurka kimanin 1,000 ne. Da zai sauka sun haura 18,000. A cikinsu akwai bam ɗin haidirojin, irin wanda aka gwada a tsibiran Bikini a Maris 1954 ya yi ƙarfin na Hiroshima kusan sau dubu, har ƙurarsa ta sauka kan wasu masunta 'yan Japan da ke nesa a cikin teku. Akwai kuma ƙanana da aka zuba a Jamus ta Yamma, na igwa da na binnewa a ƙasa.

Matsalar wannan manufa ba ta da wuyar ganewa. Kamar maigadi ne da ba shi da sanda ba shi da bulala, sai galan ɗin fetur da ashana, ya ce duk wanda ya tsallako katanga zai cinna wa gidan wuta. In ɗan fashi ne ya zo da muggan makamai, ƙila barazanar ta yi aiki. In yaro ne ya zo tsinkar mangwaro fa? Kowa ya san ba zai ƙyasta ba. Balle kuma a ce shi ma maigadin a cikin gidan yake kwana. Abin da ya faru ke nan ranar 4 ga Oktoba 1957, lokacin da Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik. Rokar da ta iya kai ƙarfe sararin samaniya za ta iya kai bam Chicago cikin kimanin rabin sa'a. Tekunan da suka daɗe suna kare Amurka sun tashi daga aiki.

Duk da haka, a daidai wannan lokaci ne aka rubuta tsarin yaƙi mafi muni a tarihin ƙasar, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin 1960 rundunar sama da ta ruwa kowacce tana da jerin wuraren da za ta kai wa hari, har ta kai ga jirage biyu na iya isa gari ɗaya lokaci ɗaya su tarwatsa juna. Sai aka tara hafsoshi a hedikwatar rundunar manyan jiragen yaƙi ta SAC da ke kusa da Omaha a jihar Nebraska, suka haɗa tsari guda da aka fi sani da SIOP. Abin da ya ƙunsa shi ne a saki komai gaba ɗaya, makamai sama da 3,000, a kan Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai da Sin. Ƙiyasin mutanen da za su mutu ɗaruruwan miliyoyi ne. Masu lissafin ƙarfin fashewa kawai suka ƙirga, ba su sa gobarar da za ta biyo baya ba, don haka gari ɗaya sai a ware masa bama-bamai uku ko huɗu wai don a tabbatar. Da aka gabatar da tsarin ga manyan hafsoshi a Disamba 1960, shugaban sojojin kundunbala na ruwa, Janar David Shoup, ya tambaya: in Sin ba ta shiga yaƙin ba, akwai hanyar da za a ƙyale ta? Kwamandan SAC, Janar Thomas Power, ya amsa cewa za a iya, amma yana fata kada kowa ya kawo wannan tunani, don zai dagula tsarin. Shoup ya ce tsarin da zai kashe miliyoyin mutanen Sin a yaƙin da ba nasu ba, ba tsari ba ne mai kyau. Ba a canza komai ba. Eisenhower da kansa, bayan mashawarcinsa kan kimiyya George Kistiakowsky ya je Omaha ya dawo masa da rahoto, ya ce abin ya tsorata shi. Ya bar shi ya wuce, ya miƙa wa magajinsa.

John Kennedy ya ci zaɓe yana zargin gwamnatin Eisenhower da barin Sobiyet ta wuce Amurka a makamai masu linzami. Da ya shiga ofis hotunan tauraron leƙen asiri suka nuna akasin haka: Amurka ce ke gaba nesa ba kusa ba. Amma rikicin 1961 kan Barlin ta Yamma, wadda ke tsakiyar Jamus ta Gabas, ya nuna masa wannan fifiko bai ba shi abin yi ba. In tankokin Sobiyet suka rufe hanyar shiga birnin, zaɓinsa biyu ne kacal, ko ya haɗiye wulaƙanci ko ya danna SIOP. Gaba kura baya sayaki.

Sakataren tsaronsa Robert McNamara, wanda ya zo daga kamfanin motoci na Ford da ɗabi'ar auna komai da alƙaluma, ya nemi mafita ta uku. A Yunin 1962, a wani jawabi a Ann Arbor, ya ce in yaƙi ya zo Amurka za ta auna sansanoni da makaman abokin gaba, ta bar biranensa, don shi ma ya sami dalilin barin nata. A takarda wannan ya fi tausayi. A kunnen Mosko kuwa wani abu daban aka ji. Ramin makami mai linzami ba shi da amfanin bugu bayan an harba abin da ke cikinsa. Wanda ya ce ramukanka zai buga, yana gaya maka shi zai fara kai hari ke nan. A gida ma sai rundunar sama ta mayar da jawabin takardar cefane: tunda kowane sabon makamin Sobiyet sabon wurin hari ne, to a ba ta dubban makamai.

Bayan wata huɗu aka shiga rikicin Kyuba, inda Sobiyet ta girka makamai masu linzami a ƙofar Amurka. McNamara ya faɗa daga baya cewa a lokacin Amurka na da manyan makamai kusan 5,000, Sobiyet kimanin 300. Wannan rata ba ta sa Kennedy ya ji yana da 'yancin kai hari ba, domin ko kaɗan daga cikin 300 ɗin suka tsira, birane sun tafi. Aka sasanta: shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya kwashe makamansa daga Kyuba, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye tsibirin ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata daga Turkiyya. Shekara mai zuwa aka kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washington da Mosko, aka kuma sa hannu kan hana gwaji a sararin sama da cikin ruwa.

Daga nan McNamara ya juya akalarsa. Ya daina maganar barin birane, ya koma cewa abin da Amurka ke buƙata shi ne ƙarfin da zai tsira daga harin farko, sannan ya halaka kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na al'ummar Sobiyet da rabin masana'antunta. In an sami wannan, ƙari ɓarnar kuɗi ne. Da wannan ma'auni ya tsayar da makamai masu linzami na Minuteman a kan 1,000, jiragen ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da nukiliya a kan 41. Da Sobiyet ta kamo ƙafar Amurka a ƙarshen shekarun 1960, sai abin ya zama kar-ta-san-kar: kowa na iya shafe ɗan'uwansa ko da shi aka fara buga wa. A nan mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Wannan ma'auni makamin McNamara ne na faɗa da janar-janar a kan kasafi. A Omaha, akasarin makaman sun ci gaba da fuskantar sansanonin soja da ramukan makamai kamar da. Abin da ake faɗa wa duniya daban, abin da ke cikin kundin yaƙi daban.

Turawa kuma tasu damuwar ta daban ce. Shugaban Faransa Charles de Gaulle ya tambayi Kennedy kai tsaye ko Amurka za ta sadaukar da New York don ta ceci Paris, bai kuma jira amsa ba, domin Faransa ta riga ta fara gwada nata bam a Reggane cikin hamadar Aljeriya tun Fabrairun 1960. (Gwaji na uku da aka yi a can a Disamban 1960 ne ya sa Nijeriya, tana 'yar wata uku da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.) A 1966 de Gaulle ya fitar da ƙasarsa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO. Jamusawa ta Yamma suna tsoron abu biyu masu karo da juna: kada Amurka ta ƙi amfani da nukiliya don kare su, kada kuma ta yi amfani da shi a kan ƙasarsu kaɗai. Manufar da NATO ta amince da ita a 1967, ta mayar da martani mataki-mataki, da gangan aka bar ta a dunƙule. Za a fara da sojoji, in abin ya faskara a hau zuwa ƙananan makaman nukiliya, in ya ƙi a hau sama. Yaushe za a hau? Ba a faɗa ba, don kowa ya karanta abin da ransa ke so.

Sakamako mafi ban mamaki na zaman kar-ta-san-kar shi ne yadda kariya ta zama abin tsoro. A Yunin 1967, a garin Glassboro na jihar New Jersey, shugaba Lyndon Johnson ya sa McNamara ya yi wa firaministan Sobiyet Alexei Kosygin bayani a kan teburin abinci cewa garkuwar da suke ginawa kewayen Mosko don kakkaɓo makamai haɗari ce. Hujjarsa ita ce in ka gina garkuwa, ni sai in ƙara yawan makamaina har su fi ƙarfinta, kai ma ka ƙara, ba ranar tsayawa. Kosygin ya fusata, ya ce kare kai shi ne halal, kai hari shi ne abin ƙi. Kowane mai hankali zai ce Kosygin ya fi gaskiya. Amma bayan shekara biyar, a Mayun 1972, shugaba Richard Nixon da shugaban Sobiyet Leonid Brezhnev suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar da ta taƙaita irin wannan garkuwa ƙwarai. Ƙasashe biyu suka rubuta a takarda cewa za su bar jama'arsu a buɗe ga makaman juna, don zaman lafiya ya ɗore.

A ganina babban kuskuren wannan zamani yana cikin abin da yarjejeniyar SALT ta farko, ta taƙaita makamai da aka sa wa hannu a wannan zama na Mosko, ta tsallake. Ta ƙayyade yawan makamai masu linzami, ta yi shiru kan kawunan da kowane makami zai ɗauka. Amurka ta riga ta ƙware wajen ɗora kawuna da yawa a kan roka guda, kowanne ya nufi wurinsa, ta fara girka Minuteman mai kai uku a 1970, ba ta kuma so ta saki wannan fifiko. Cikin 'yan shekaru Sobiyet ta koya, ta ɗora har kawuna goma a kan ƙatuwar rokarta SS-18. Lissafin sai ya lalace: roka ɗaya na iya rusa ramuka da yawa, wanda ya riga harbi shi ke da riba. Henry Kissinger, mashawarcin Nixon kan tsaro, ya amsa daga baya cewa da ya zurfafa tunani a kan wannan tun farko.

Da wannan tsoro aka koma gidan jiya. A 1974 sakataren tsaro James Schlesinger ya fito da manufar ƙananan zaɓuɓɓuka, wato shugaba ya iya harba 'yan makamai kaɗan a matsayin gargaɗi. Jimmy Carter, wanda ya yi fatan kawar da nukiliya daga doron ƙasa a jawabinsa na kama mulki, shi ne a Yulin 1980 ya sa hannu kan umarni mai lamba 59, wanda ya sa maɓoyar shugabannin Sobiyet cikin wuraren hari, ya kuma ce a shirya wa yaƙin nukiliya mai tsawo. Nan ma akwai tambayar da ba a amsa ba: in ka kashe shugabannin, da wa za ka zauna a tsayar da yaƙin? Ga kuma na'urorin gargaɗin da ake dogaro da su. A Nuwamban 1979 an sa faifan atisaye cikin kwamfutar rundunar tsaron sama bisa kuskure, allo ya nuna Sobiyet ta harbo makamai. A Yunin 1980 wani ɗan ƙaramin sashe na kwamfuta ya lalace ya sake haifar da irin wannan firgici. Mutanen da ke maganar sarrafa yaƙin nukiliya daki-daki na tsawon makonni, 'yan mintoci suke da su na tantance ko harin ma gaskiya ne.

Ronald Reagan ya zo da zafi. Ya ƙara kasafin soja, ya kira Sobiyet daular mugunta a Maris 1983, bayan mako biyu ya sanar da shirin gina garkuwa a sararin samaniya, abin da ya ci karo da tunanin 1972 baki ɗaya. Kaka ta wannan shekara ta yi muni. Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ranar 1 ga Satumba. Ranar 26 ga watan na'urar gargaɗinta ta nuna makaman Amurka na tafe, wani hafsa mai suna Stanislav Petrov ya yanke hukuncin ƙarya na'urar ke yi. A Nuwamba NATO ta yi atisayen Able Archer, wanda ya kwaikwayi matakan harba nukiliya, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan iyakar yadda ya razana Mosko. A ƙarshen watan makaman Amurka masu linzami na Pershing II suka fara isa Jamus ta Yamma, daga inda za su iya faɗawa cikin Sobiyet cikin 'yan mintoci.

Reagan ya rubuta a kundin ajiyarsa a wannan lokaci cewa ya fahimci shugabannin Sobiyet da gaske suke tsoron Amurka za ta kai musu hari. Daga farkon 1984 harshensa ya yi laushi. Mutumin da masu zanga-zanga suka cika New York a 1982 suna ganin zai jefa duniya cikin wuta, ashe ƙyamar makaman yake yi tun asali, garkuwar tasa ma daga nan ta samo tushe, ko da yake masana kimiyya da yawa sun ce ba za ta yi aiki ba. Da Mikhail Gorbachev ya hau mulkin Sobiyet a 1985 suka haɗu a Geneva, suka fitar da sanarwa cewa yaƙin nukiliya ba a cin nasararsa, kuma bai kamata a taɓa yin sa ba. A Reykjavik a Oktoban 1986 har sun taɓo batun kawar da makaman gaba ɗaya cikin shekara goma, zancen ya watse saboda Gorbachev ya ce a tsare binciken garkuwar cikin ɗakin gwaji, Reagan ya ƙi. Duk da haka a Disamban 1987 suka sa hannu kan rusa dukkan makamansu na ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500. An lalata 2,692, kowane ɓangare yana kallon na ɗayan da idon masu bincikensa.

Omaha fa? Sai a 1989, da Dick Cheney ya zama sakataren tsaro, fararen hula suka zauna suka bi jerin wuraren harin ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar an ware wa birnin Kiev kaɗai gomomin makamai. Janar Lee Butler, da ya karɓi SAC a 1991, ya iske wurare sama da 12,000 a jerin, ya zaftare mafi yawansu, bayan ya yi ritaya kuma ya zama mai kiran a kawar da nukiliya. Abin da binciken ya tona shi ne shekara talatin ana tafiya a baibai: maimakon yawan wuraren hari ya faɗi makaman da ake buƙata, yawan makaman da masana'antu suka ƙera ne ke sa a nemo musu wuraren da za su faɗa. Rumbun Amurka ya kai ƙololuwarsa a 1967 da makamai 31,255, kuma babu wata manufa cikin duk waɗanda aka ambata da ta buƙaci wannan adadi.

A Yulin 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar START, wadda ta rage manyan makaman kowane ɓangare zuwa 6,000. A Satumba Bush ya sanar da janye ƙananan makaman nukiliya na rundunar ƙasa daga ƙetare, ya kuma sauke manyan jirage daga zaman ko-ta-kwana da suka shafe shekara da shekaru a kai. Gwajin Amurka na ƙarshe an yi shi a Nevada a Satumban 1992. Abu biyu dai ba su motsa ba duk tsawon wannan tafiya. Brezhnev ya yi shelar a 1982 cewa ƙasarsa ba za ta fara amfani da nukiliya ba, Amurka ta ƙi yin irin wannan alkawari, domin kariyar da ta yi wa Turai da Japan da Koriya ta Kudu a kan yiwuwar ta fara ɗin aka gina ta, kuma har yau ba ta yi shi ba. Ikon ba da umarnin harbi kuwa yana hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, ba sai ya nemi amincewar majalisa ba.